"Injin Kawai Za a Ɗan Taɓa": Nawa Za Ka Taya Tsohuwar Bas Mai Jan Ƙafa Huɗu?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Wannan fili ne na direbobi da makanikai da masu motoci, har ma da waɗanda ke nan suna tara kuɗin sayen ta fari. Wanda ke kan hanya ya riƙe sitiyari da kyau, kunne kawai muka aro.

Saƙon da za mu ɗauka yau daga wani bawan Allah ne da ke jigilar 'yan kasuwa da buhuna tsakanin ƙauyukan arewacin Yobe, can inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa. Ya ce an nuna masa wata tsohuwar bas mai jan ƙafa huɗu, wadda muke ce wa fowil. Jikinta sumul, kujeru ba su yage ba, sai dai ta yi wata biyar a kafe a ƙofar gida. Mai ita ya ce masa injin kawai za a ɗan taɓa. Shi ne yake tambaya, nawa ya kamata ya taya?

Malam, in na yanka maka adadi a rediyo na cuce ka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin kayan mota bai ƙara kwana biyu a wuri ɗaya ba. Kuɗin da zan faɗa yau, kafin a maimaita shirin nan ya zama tsohon labari. Abin da zan ba ka shi ne hanyar da za ka fitar da adadin da kanka, da biro da bayan kwalin sukari.

Amma bari in fara da kalmar nan ta "ɗan taɓawa", don ni ma ta taɓa cin kuɗina.

Shekarun baya na ga wata Mitsubishi L300 mai shan gas a bayan wani gida, an lulluɓe ta da tamfol, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Mai ita dattijo ne mai fara'a. Na ce, "Alhaji, me ya kwantar da ita?" Ya ce, "Ɗana, ba komai, gaskit ne ya ƙone. Yini ɗaya an gama. Ni dai na gaji da mota ne." Na zagaya ta sau biyu, na bubbuga taya da ƙafa kamar wanda ya san abin da yake yi, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Janwe ta kai ta gareji. Da bakanike ya ɗaga kujerar gaba, don irin waɗannan motoci injinsu a ƙarƙashin kujera yake, ya kwance kan injin, ya wanke shi da kananzir, sai ya kira ni. Ya ce, "Oga, kawo farcenka." Ya ɗora yatsana tsakanin bawul biyu, na ji farcen ya maƙale a wata 'yar tsaga siririya kamar gashi. Gaskit ya ƙone, Alhaji bai yi ƙarya ba. Sai dai abin da ya ƙone gaskit ɗin, wato zafi, ya riga ya tsaga kan injin. Muka sayo wani. Da aka leƙa cikin silinda aka ga ruwan da ya kwana wata da watanni a ciki ya ci bangonta da tsatsa. Yini ɗaya ya zama mako bakwai. Ranar da ta tashi kuwa, na ja ta zuwa bakin rafi ina murna, na sa giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari, na taka totur, ƙafafun baya suka haƙa rami, na gaba ko motsi. Muka leƙa ƙasa. Ashe farfelar gaba ma babu ita, an cire tun tuni. Na biya kuɗin mai ƙafa huɗu, na kawo mai ƙafa biyu gida.

Ban ga laifin kowa ba sai nawa. Ban duba ba.

To, abin da na koya daga wannan, kuma shi ne ƙashin bayan maganarmu ta yau: a tsohuwar fowil, inji shi ne abin da ya fi sauƙin lissafi. Mutane injin suke tsoro, ni kuwa ba shi nake tsoro ba. Komai lalacewar inji, asararsa tana da iyaka, kuma iyakar ita ce kuɗin wani injin a kasuwa. Kana iya zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka buga waya Ladipo a Legas, yau ɗin nan a faɗa maka. Abubuwan da ba su da iyaka su ne ruɓaɓɓen shasi, da takardun da ba su cika ba, da kayan jan ƙafar gaba da za ka yi wata uku kana cigiya.

Mu fara da sanin wace mota ce a gabanka. Yawancin irin waɗannan da ke yawo a ƙasarmu iri biyu ne. Akwai Toyota HiAce wadda aka yi tsakanin 1989 da 2004, kafin wadda muke kira Homa ta fito. Akwai kuma Mitsubishi, ko dai L300 mai fuska a daɓe wadda samfurinta ya fara a 1986, ko ƙanwarta Space Gear da ta biyo baya a 1994. A Japan sunansu Delica. Ka nemi lambar injin, don ita ce za ka kai kasuwa. Injin gas na HiAce irin su 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0 dangi ɗaya ne da na Hilux, saboda haka kayansu ba sa wuya. Na Mitsubishi mai lamba 4D56, lita 2.5, shi ne a tsofaffin Pajero da L200. Inji ne mai haƙuri, amma ba ya yafe zafi. In ya tafasa sosai sau ɗaya, ka sa ran tsaga a kansa. Haka ma 1KZ mai turbo na wasu HiAce ya yi suna da wannan hali. In aka ce maka ɗayan waɗannan ya yi zafi ya tsaya, kada ka rubuta gaskit a kwalinka, ka rubuta kan inji gaba ɗaya.

Wani abu kuma, in za ka tambayi kuɗin inji, ka faɗa wa mai shago cewa na fowil ne. Saboda aksul ɗin gaba da ke ratsawa ta ƙasa, sau da yawa kaskon mai da maɗauran injin ba ɗaya suke da na mai ƙafa biyu ba. Kada ka bari a tafi da tsohon injinka kafin a kwashe waɗannan.

Yanzu dubawa. In motar tana tashi, ko da tana tari, ka yi sa'a, domin za ta faɗa maka ciwonta da bakinta. Amma ka je da sassafe, kuma ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Da zuwa ka ɗaga kujera ka ɗora bayan hannunka a jikin injin. In ka ji ɗumi, ka gaisa da mutane ka ce gobe ka dawo. Injin gas da ya gaji da safe ake kama shi. In ya yi zafi, ko mai ciwo ma yakan tashi bugu ɗaya.

Kafin a murɗa makulli, zaro gejin baƙin mai. Man injin gas baƙi ne, wannan ba aibi ba ne. Murza shi tsakanin yatsu. In ka ji shi da kauri yana ja kamar zuma, wataƙila an zuba mai kauri ne don ya rufe ƙara ya rage hayaƙi. In kuwa ka gan shi kamar shayi da madara, ko ka buɗe murfin mai ka ga wani farin abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai. Buɗe lagireto tun injin yana sanyi, kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi. Ka duba ko mai na yawo a saman ruwan. A cika shi, a bar shi a buɗe, a tayar. In ka ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, iskar cikin silinda ce ke shiga hanyar ruwa, kuma ba ta da hanyar shiga sai ta ƙonannen gaskit ko tsagaggen ƙarfe.

Sai ka kwance murfin mai, ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba, injin yana silo. In ya ɗan yi rawa ya zauna, da sauƙi. In ya yi tsalle ya faɗo, hayaƙi na bulbulowa kamar tukunyar dambu, ringi sun gama aiki. Daga nan ka koma baya ka tsuguna kusa da salansa, wani ya taka totur. Baƙin hayaƙi shi ne mai rahusa a cikinsu, yawanci nozul ne ko famfon injekta ko matatar iska da ta toshe da ƙura. Shuɗi yana nufin injin na ƙona man da ya kamata ya shafa, wato ringi ko turbo. Fari mai yawa da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan ruwa ne ake dafawa a cikin silinda.

Kunne ma yana da aikinsa. Injin gas dama mai surutu ne, kaf-kaf-kaf ɗinsa na sama ba abin tsoro ba ne. Wanda za ka ji tsoro shi ne bugu mai nauyi daga can ƙasa, dum-dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta, yana ƙaruwa in an taka. Metal ne da kurankishaf. In ga shi kuma jar fitilar mai tana ƙyaftawa a silo bayan injin ya yi zafi, to injin yana hanyar nakawa. Ka lura ma ko fitilar tana kamawa tun farko da aka murɗa makulli, don wadda aka cire wa ƙwai ba za ta taɓa kai ƙara ba.

Duk wannan aikin ido da kunne ne. Akwai awo na gaskiya, na matsin iskar silinda, wanda bakanike mai kayan aiki zai yi cikin abin da bai wuce awa ɗaya ba. Lafiyayyen injin gas irin 3L yakan nuna sama da 400 a ma'aunin psi, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silindojin huɗu su zo kusa da juna. In uku sun yi sama ɗaya ta zube, ka san ɗakin da ɓarawon yake. Kuɗin wannan awo bai kai na taya ɗaya ba, kuma ban san wani kuɗi da za ka kashe a harkar nan da ya fi shi amfani ba. Mai motar da ya hana a yi shi ya riga ya ba ka amsa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ake yi wa tsohuwar bas fowil kuɗi alhali injinta na neman aiki.

Mu koma ga mai tambayarmu, wanda tasa ba ta tashi sam. Malam, a nan ba ka da hayaƙi, ba ka da ƙara. Abin da ya rage maka shi ne bakanike ya sa sifana a kan fulin kurankishaf ya juya da hannu. In ya juya zagaye biyu cif, yana tauri yana saki, akwai rai. In ya ƙi motsi, ko ya tafi rabi ya cije, ka ɗauka babu inji a motar. A buɗe murfin bel ɗin tamin a gani. Waɗannan injuna na gas, 3L da 5L da 4D56, da bel suke aiki, kuma ƙa'idar canza shi ba ta wuce wajen kilomita 100,000 ba. In ya tsinke mota na tafe, fistin kan haɗu da bawul, a yi ɓarna a sama. Mai mota zai ce maka bel ne kawai ya tsinke, kuma gaskiya ya faɗa, kamar yadda Alhajina ya faɗi gaskiya game da gaskit.

Shawarata ga duk motar da ba ta tashi ɗaya ce: ka yi lissafi da kuɗin sauya inji ɗungurungum. In Allah ya sa aka buɗe aka tarar aikin bai kai haka ba, ribarka ce, ladan kasadar da ka ɗauka. Aikin inji hawa-hawa ne, daga na sama kawai, zuwa a sauke shi a sa ringi da metal a kai kurankishaf wurin masu gogewa, zuwa a ɗora wani. Mai sayarwa kullum hawan farko yake ambata. Kai kuwa na ƙarshe za ka rubuta, don kai za ka kwana a gareji.

To ga lissafin. Ba daga kuɗin da mai mota ya faɗa ake farawa ba, daga 'yar'uwarta lafiyayya ake farawa. Nawa aka sayar da irinta, shekararta, mai tafiya da ƙafarta, a 'yan makonnin nan? Ka lura na ce aka sayar, ban ce aka sa mata ba. Kuɗin da ke rubuce a gilashi ko a Facebook fata ne kawai. Ka tambayi dillali, ka tambayi direba a tasha wanda abokinsa ya saya kwanan nan, ka tambayi bakanike. Inda bakinsu ya haɗu, nan ne kasuwa.

Bari mu ɗauki lambobi masu sauƙi don misali kawai, kai ka sa naka. A ce lafiyayyar Naira miliyan 10 ce. A ce injin Beljiyam, har kawo shi gareji, miliyan 2 da rabi. Inji ba ya shiga mota shi kaɗai, yana da 'yan rakiya: kuɗin aiki, sabon bel ɗin tamin, famfon ruwa, faifan kuloci tun da an riga an raba shi da giyabos, mai da matatu, da wanke lagireto ko sauya shi. A nan mutane ke yin wauta, su ɗora inji mai tsada a kan toshasshen lagireton da ya kashe na farko. A ce waɗannan dubu 800. Sai abin da zama ya ci. Motar da ta yi wata biyar a kafe batirinta ya mutu, birki ya kama, tanki na son wanki, wataƙila ɓera ya yi ɗaki a cikin wayoyi. Tayoyi kuma ka duba lambobi huɗun nan da ke gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, mako na 23 ne na 2018, komai kyan zanenta ta tsufa. A ce nan ma dubu 700. Mun tashi miliyan 4. Ƙara rubu'in wannan, miliyan 1, don abin da ba a gani sai an buɗe. Ba ka tuƙa motar nan ba, ba ka ji giyarta ba, ba ka san ko aksul na kuka ba. Sai ka cire wa kanka dubu 500 na wata guda ko fiye da kuɗinka zai yi a kwance ba ya kawo ko sisi, ga zirga-zirgar kasuwa. Miliyan 10 a cire 5 da rabi, saura miliyan 4 da rabi. Wannan shi ne rufin ɗakinka. In ka wuce shi, gara ka cika kuɗi ka sayi mai tafiya ka huta.

Na san abin da zai biyo baya. Mai mota zai ce miliyan 7 da rabi, ai gyaran bai fi dubu 300 ba. Kada ka yi musu, kada ka kushe masa mota a gaban iyalinsa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, tun da aikin kaɗan ne, ka sa a gyara, in zo mu hau mu zaga, in biya ka kuɗin lafiyayya." In da gaske dubu 300 ne, ka ba shi hanyar cin ribar sama da miliyan biyu, zai karɓa da hannu bibbiyu. In ya fara cewa ai shi ba shi da lokacin makanikai, to ku koma kan kwalinka.

Zai kuma ce maka bara ya kashe mata kaza da kaza. Abin da ya kashe ba bashi ba ne a kanka. Wanda idonka ya gani, kamar sababbin tayoyi ko sabon lagireto, ka cire shi daga jerin abin da za ka saya, kuɗin motar ya ɗan hau. Wanda ba a gani, sai dai ka ce Allah ya mayar da alheri. Zai ce irinta ba ta da yawa a gari. Gaskiya ne, kuma shi ya sa in gilashinta na gefe ya fashe za ka daɗe kana tafiya da leda.

Sai dai adalci ba na mai saye kaɗai ba ne. Kamar yadda kake da rufi, shi ma mai mota yana da daɓe. Ko ba inji, motar nan tana da giyabos, da transfa, da aksul biyu, da ƙofofi, da gilasai, da kujeru, da nauyin ƙarfe. Masu yanka mota su sayar da kayanta za su ba shi wani abu yau ba gobe ba. Ka tambaya ka san wannan adadin. Tayin da ya gaza shi ba ciniki ba ne, cin fuska ne, musamman in ka san matsuwa ce ta sa mutum fito da motarsa, ko marayu ne ke sayarwa. Farashin gaskiya yana tsakanin daɓensa da rufinka. In kuwa ka yi lissafi ka ga rufinka ya faɗo ƙasa da daɓensa, motar ba ta gyara ba ce, ta yanka ce, ka bar wa masu wannan sana'a.

Yanzu ka cire babbar riga ka shimfiɗa kwali, za mu shiga ƙarƙashi, inda ni ban shiga ba. Ka ga farfela biyu da idonka, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba, duka daga ƙaramin akwatin da ke manne da giyabos, wato transfa. Ka duba robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf ɗin ƙafafun gaba, in sun yage yashi ya riga ya shiga. A kwance noti a ga man transfa da na aksul ɗin gaba, akwai shi ko babu, kuma in ya fito fari-fari an sha shiga ruwa da ita. Ko injin bai tashi ba, bakanike zai iya ɗaga ta a jak, ya sa ogzilari, ya kulle hob in mai hob ce, ya juya da hannu ya ga ko gaba na amsawa. In tana tashi, a gwada a yashi ko a turɓaya. Irin waɗanda ake sa wa giyar da hannu ba a son a yi ta juyi da su a busasshiyar kwalta, kayan cikin ne ke cijewa. Tayoyin huɗu kuma su zama girma ɗaya. In aka tarar gaba ba ya ja, lissafinka ya canza tun daga tushe: 'yar'uwar da za ka auna ta da ita yanzu mai ƙafa biyu ce.

A nan zan ɗan ratse. Wanda aikinsa Kano zuwa Zariya ne, ko kai yara makaranta a cikin gari, me zai yi da fowil? Ƙarin nauyi ne, ƙarin shan mai, ƙarin kayan lalacewa. Amma mai hawa tsaunin Mambila zuwa ƙauyukan bayan Gembu, ko mai shiga fadamun Haɗeja da damina, ko mai tambayarmu da ke fama da tudun yashi, shi wannan giyar ita ce sana'ar. Ranar kasuwa shi zai wuce ya bar wasu suna tura.

Kana nan a kwance, ɗauki sukudireba ka caccaki shasi, musamman inda sifirin da maɗauran aksul suka kama, da ƙarƙashin matakalar ƙofa. Motocin da suka yi rayuwarsu a Turai sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma daga ciki yake cin ƙarfe. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. In sukudireba ta shige, tashi ka kakkaɓe rigarka ka yi sallama. Inji ana sauyawa, ruɓaɓɓen shasi kuwa faci ne a kan faci, kuma rayukan mutane za ka ɗora a kai.

Ka duba ko an juya mata sitiyari. Da yawa daga fowil ɗin nan an ƙera su ne don Japan, inda ake tuƙi ta hagun titi, sitiyari a dama. Mu kuwa tun watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta dama, kuma doka ba ta yarda da mai sitiyari a dama ba, shi ya sa ake juyawa. Alamar da ba ta ɓuya ita ce ƙofar fasinja mai zugewa. In tana gefen hagu, wato gefen direba, fasinjanka a tsakiyar titi za su riƙa sauka. In kuma an yanka jiki an mayar da ita dama, ka duba walda. Ka duba waldar sandar sitiyari da bututun birki ma. Juyayyar mota, ko da an yi aikin da kyau, kuɗinta bai kai na wadda aka haifa da sitiyari a hagu ba, ka rage.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba, don ba su da ciniki. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta dace da ta takardar kwastan da ta rajista, harafi da harafi. Ka tuna a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka 'yar Kwatano da ta shigo bayan nan tana bukatar ƙarin bincike a ofishin kwastan. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku ma ku gwada kart giriz da lambar jikin mota. In motar gado ce, magada su yarda a rubuce. In ka sauya inji, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambarsa ka ajiye tare da takardun. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a kuma rubuta aibin da aka faɗa maka. Motar da takardunta ba su cika ba, ko kyauta aka ba ka, tsada ce.

Wa zai raka ka dubawa? Ba bakaniken mai motar ba, ba kuma wanda dillali ya kawo ba. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa. Ko naka bakaniken, in ya san shi zai yi aikin, zuciyarsa na son ka saya. Ka biya shi kuɗin dubawa tun kafin ku fita, ka ce masa, "Maigida, ko na saya ko ban saya ba wannan naka ne, gaskiya kawai nake so." Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama duk wannan.

Ku kuma masu sayarwa, ɓoye aibin haja haramun ne a shari'a, kowa ya sani. In ka san ta tafasa har ta mutu a hanya, faɗi hakan, kada ka tsaya a gaskit.

Malam mai tambaya, ga aikinka na wannan mako. Ka koma wurin motar da sifana da jak da bakanikenka, a juya injin, a leƙa farfelar gaba, a caccaki shasi, ka kwafo lambar inji da ta shasi a takarda. Ka buga waya shago uku ka ji kuɗin injin. Sannan ka aiko mana abin da ka samu, mu yi lissafin tare a nan a gaban jama'a. Kafin nan, kada ka ba kowa ko sisi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A sauka lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)